Kiyashi a Baranda

Litinin, da hantsi

Wata biyu ke nan rabona da taka titi. Fitata ta ƙarshe ita ce ranar da kamfani ya karɓe katunanmu na izinin zama a bakin ƙofa, aka rufe hanya, aka ce kowa ya koma ya jira kira. Waɗanda suka gaji da jira suka fita, wasu sun dawo, wasu har yau wayarsu a kashe. Ni ko da an buɗe hanya an shimfiɗa mini darduma, wa zan bar wa Kawu?

Kawu wan mahaifiyata ne. Shi ya kawo ni ƙasar nan, shi ya koya mini aikin famfo, shi ya laƙaba mini Sifana har sunan ya manne. Ciwon ciki ya kama shi, ya tsotse shi, ya bar ƙashi da baki. Gudawar ta tsaya, ƙarfin bai dawo ba. Asibiti kuwa sai da kati. Likitan da muke samu a waya ya ce maganin ɗaya ne: ruwa da ɗan gishiri da sukari, gwargwadon yadda ya auna mini, ya yi ta sha har jiki ya cika. In ya bushe, in ji shi, ƙoda ce za ta tsaya, kuma ba a gyara wannan ta waya.

Haɗin Likita ba daɗi, kamar an zuba wa hawaye sukari. Sai na yi masa gata. In matsa lemun tsami, in kankare citta, in murje na'ana'a a tafin hannu in jefa, in sa a firji ya ɗauki sanyi. Lemun da na'ana'ar daga barandarmu suke. Ba ta fi shimfiɗar tabarma biyu ba, a hawa na huɗu, amma akwai tumatir bakwai a bokitan fenti, barkono a galan da aka yanke wa kai, na'ana'a a tsohon baho, sai bishiyar lemun tsami a rabin duro, wadda Kawu ya shuka da hannunsa shekarar da na zo.

Kullum da safe ina tallabo shi in zaunar da shi a farar kujerar roba, kusa da bahon. In miƙa kofi. Ya ce, "Ajiye nan, Sifana, je ka yi harkarka. Ba a tsaya wa babba a ka." In na dawo sai in tarar da kofi wayam.

Yau na ga na'ana'a ta yi yaushi, bakin ganyen ya ƙone. Ban rage mata ruwa ba. Wani abu ya taɓa ta.

Talata, bayan la'asar

Matar hawa na biyar ce. Ban san sunanta ba, Mai Shanya nake ce mata, don ban taɓa ɗaga kai na ga igiyarta babu kaya ba. Yara uku gare ta, mijin direban babbar mota ne, hanya ta rufe da shi a wani gari. Ruwan wankinta yana ɗiga a kan ƙarfen barandata, ɗis, ɗis, daidai saitin baho. Na tara hannu na shinshina. Ƙamshin sabulu, da wani ɗan wari a ƙarƙashi irin na abin wanke fararen kaya.

In yi mata adalci, ba ta da wani wurin shanya. Bara ma da famfon kicin ɗinta ya fashe na gyara mata, ta aiko mana da abinci kwana biyu a jere. Amma a lokacin ta roƙe ni dashen na'ana'a, na ce sai ta yi ƙarfi, na kuma manta. Akwai mutanen da ke ajiye ƙaramin abu a rai su shekara suna ba shi ruwa.

Na gaya wa Kawu. Ya ce, "Kai dai da zargi. Ko ƙuda ya sauka a kanka sai ka ce aiko shi aka yi."

Na ce, "Kawu, in na'ana'ar nan ta mutu da me zan gyara maka abin shanka?"

Ya juya yana kallon rufin gidaje.

Laraba, da azahar

Ya shanye.

Alhamis, da hantsi

Kiyashi. Sun yi layi tun daga magudanar baranda har cikin baho, da bokitan tumatir biyu na kusa da shi. Shekara shida a gidan nan ban taɓa ganin kiyashi a hawa na huɗu ba. Wa ya nuna musu hanya?

Maigadi ya hawo da cefane. Shi ke saya mana tun da aka shiga wannan hali, ya ajiye a bakin ƙofa ya ƙwanƙwasa. Yau na jawo shi ciki na nuna masa. Ya tsuguna, ya kalla, ya ce, "Maigida, kiyashi ai zaƙi yake bi. Ko shayi kake ba tumatir ɗin?" Ya yi ta dariya har da dafa bango.

Dariyar ba ta yi mini ba. Mutumin nan yana da makullin kowane ɗaki a ginin. Kuma mai ginin ya daɗe yana cewa shukokina suna jiƙa masa siminti. Ba na cewa shi ne. Ina dai rubuta cewa ya yi dariya.

Da zai fita ya leƙa ya gaida Kawu, ya dawo yana magana ƙasa-ƙasa: "Baba ya faɗa da yawa fa." Na ce haka ciwon yake. Kowa likita ne in ba shi ke jinya ba.

Asabar, da rana tsaka

Na kafa rumfa. Ledar da aka naɗo katifa da ita, sandunan tsintsiya biyu, waya, da ƙusa huɗu a bangon da mai gini ya hana a taɓa. In ya isa ya zo ya cire da kansa.

Kawu yana daga kujera yana ba da umarni. "Ka ba ta gangara, shashasha. Ruwa zai kwanta a tsakiya ya yaga ta. Shekara nawa ina koya maka?"

"Kawu, leda ce, ba rufin masallaci ba."

"Mai ha'inci a leda shi ke yi a bututu."

Na ba ta gangara. Gaskiyarsa ne, kuma abin ya ba ni haushi. Muryarsa ta zama siririya, kamar yana magana ta cikin tiyo, amma zagin yana nan da ransa. Muddin yana ce mini shashasha hankalina a kwance yake.

Yanzu ta wanke duk kayan duniya, ɗigo ɗaya ba zai taɓa mini ganye ba.

Lahadi, bayan magariba

Kusan mako biyu ke nan abin zanin gado bai sake faruwa ba. Ba zan rubuta shi ba. Na wanke, na shanya a cikin banɗaki don kada a gani daga waje, katifar kuma na juya ta. Ba mu taɓa tada maganar ba, ni da shi.

Da can sau biyar sau shida yake kirana in kai shi bayi, bayana kamar zai ɓalle. Yanzu sau ɗaya, wata rana ma sai yamma. Ina ganin sauƙi ne ke zuwa. Allah ya yafe mini, na ji daɗin hutun.

Litinin, da azahar

Ya shanye. Na safe da na rana.

Talata, da la'asar

Tumatir biyu sun tafi. Ba bushewar ƙishi ba ce, ƙasar a jiƙe take, har tana danƙo. Sun sunkuyar da kai ne kawai suka mutu a tsaye. Na'ana'a saura gefe ɗaya. Kuma duk a ƙarƙashin rumfa.

Na koma kan ruwan gidan. Na ce ko Maigadi ya zuba wani magani a tanki. Na kwance kan famfon kicin, na fito da ragar, tsatsa ce kawai da yashi. Na wanke na mayar, na canja robar da ke yoyo tun da na riga na buɗe. Sai na tsaya na yi tunani irin na mai hankali: ruwan nan shi nake ba lemun tsami da barkono a ɗaya gefen, ga su nan kore shar. Ba ruwa ba ne. Maigadi ya fita daga zargi, a wannan dai.

Saura ita. Leda tana tare ɗigo, ba ta tare hannun da ya miƙo da gangan ya watso ta gefe.

Likita ya kira. Ya ce, "Yana sha?"

Na ce, "Jog biyu a rana, ba ya rage ko ɗigo."

"To yana fitarwa? Wane launi?"

Ta yaya zan tsaya gaban wan uwata in tambaye shi launin fitsarinsa? Na ce yana yi, leɓensa ne dai ya tsage.

Ya ce, "Mai shan jog biyu bai kamata leɓensa ya tsage ba. Ka ƙara."

Ban yarda da likitan nan sosai ba. Mutumin da bai taɓa ganin fuskar mara lafiya ba, yana can yana tauna wani abu a kunnena. Amma na ƙara. Jog uku.

Laraba, da hantsi

Na ɗauke kujerar Kawu daga wajen baho. Ko me ake watsowa, ba na so ya taɓa shi. Na mayar da shi ɗaya ƙarshen, tsakanin barkono da lemun tsami.

Ya ƙi. Ya riƙe hannun kujera ya ce, "Bar ni inda nake."

"Can akwai guba, Kawu."

"Na ce ka bar ni. Ba na son kusa da lemun."

"Bishiyarka ce fa."

"Shi ya sa."

Rigimar tsufa. Na ɗaga shi da kujerar gaba ɗaya, bai kai nauyin buhun siminti rabi ba. Bai yi mini magana ba har azahar.

Alhamis, da yamma

Autar Kawu ta kira daga gida. "Yaya, ya jikin Baba?" Na ce da sauƙi. Ta ce in ba shi. Na ce yana barci. Idonsa biyu, ya girgiza mini kai ne, ba ya so ta ji muryar.

Ta ce, "Yaya, amanarsa tana hannunka."

Kowa ya iya faɗin wannan daga nesa. Ba laifinta ba ne. Amma kowa ya iya.

Asabar, bayan azahar

Wasu tumatir uku sun bi na farko, barkono ma ya fara. Kiyashi sun yi ƙaura, sun bar baho sun koma galan. Lemun tsami ya zubar da ganye huɗu masu rai. Duk inda na matsa, abin yana bina. Wannan ba tsautsayi ba ne, ido ne ke kallona daga sama.

Na jira Kawu ya shiga ya kwanta, na ɗage gefen leda na ɗaga murya. "Baiwar Allah! Ke ta sama!"

Ta leƙo, da kumfa a hannu. "Malam Sifana, lafiya?"

"Me shukata ta yi miki?"

"Wace shuka?"

"Kin kashe na'ana'a, kin kashe tumatir, yanzu kin koma kan barkono. In dashe kike so ai sai ki sake tambaya."

Ta kalle ni kamar na fito ba wando. Sannan ta ce, "Tun ranar da ka kafa ledar nan taka kamar mai shirin buɗe shago na gane da ni kake, na mayar da igiyata ɗaya gefen. Ɗaga kai ka gani."

Na ɗaga. Igiyar tana ɗaya gefen.

Na ce, "To watsowa kike yi."

"Ni? Mijina ban san inda ya kwana ba, yara uku suna cin kaina ɗanye, sai in bar wannan in zauna ina fakon barkononka? Kai wane ne, Malam? Ka ga, in tambaya kake so ka tambayi tsohonka. Kafin ka rufe mini ido da leda kullum ina ganinsa yana ba su ruwa. Ya fi ka kula da su."

Ta ja ƙofarta, garam.

Ka ji ƙarya. Kawun da buta ke gagararsa ɗagawa. Mace ta rasa wanda za ta jingina wa laifi sai mara lafiya. Har na fara jin kunyar ihun da na yi, wannan maganar ta wanke mini ita.

Lahadi, da asuba

Ya kira ni da sunan mahaifiyata. Ya ce in rufe kaji, hadari ya taso. Daga baya ya gane ni, ya ce wasa yake yi.

Ba wasa yake yi ba.

Lahadi, da azahar

Ya shanye. Idon ya zurma, harshen kamar ɓawon itace, kuma ya shanye. Ina ruwan yake zuwa?

Litinin, bayan la'asar

Wani farin ɓawo ya fito a saman ƙasar galan ɗin barkono, irin wanda ke bushewa a bakin baho bayan wanki. Na ce alhamdu lillahi, ga shaida. Na ɗauko cokali in kankaro in zuba a murfin kwalba, in hau in nuna mata a gaban Maigadi, in ga bakin da za ta yi musu da shi.

Cokali na biyu ya fito da wani zare-zare. Na ɗaga shi a haske. Citta ce, kankararriya. Ban taɓa shuka citta ba. Na tona kaɗan. Ƙwayar lemun tsami, uku, huɗu. Wani baƙin ganye a murje.

Na dangwali farin ɓawon na sa a harshe.

Ba sabulu. Gishiri. Bayansa zaƙi, can ƙarshe ɗan tsami.

Na san hannuna.

Na zauna a ƙasan baranda har aka kira magariba. Na duba bokitan da suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Duk iyakar inda hannun mutum zai kai ne in yana zaune a farar kujera.

Talata, da hantsi

Ban ce komai ba jiya. Na ba shi na yamma a gado, na tsaya, ya ce cikinsa ya cika, ya kurɓi kaɗan don in tafi. Na so in gani da idona, don na gaji da ɗora wa mutane abin da ban gani ba.

Da safe na zaunar da shi, na miƙa kofi. "Ajiye nan, je ka yi harkarka." Na shiga kicin, na buɗe famfo ya yi ta zuba, na dawo a hankali na tsaya bayan labule.

Ya ɗauki kofin da hannu biyu. Ya jiƙa leɓe. Ya riƙe kurɓi ɗaya a baki ya daɗe, ido a rufe, yadda mai ƙishi ke yi. Ya kalli ƙofa. Ya gwada miƙawa wajen barkono, galan ɗin ya yi masa nisa don na ja shi jiya. Sai ya juya ga lemun tsami, ya karkata kofin a hankali a jikin duro don kada ya yi ƙara. Na ji yana ce wa bishiyar, "Yi haƙuri."

Na ce, "Kawu."

Kofin ya kusa suɓucewa. Ya ce, "Au, laɓe ka koma?"

"Tun yaushe?"

Ya ajiye kofin a cinya. "Kai mai famfo ne, Sifana. Abin da ya shiga sai ya fita."

"To ya fita mana! Zaman me nake yi a gidan nan?"

"Ba kullum kake kaini a kan lokaci ba. Ba kullum nake iya jira ba."

"Sai in wanke! Ban wanke ba?"

"Ka wanke. Na ji tsakinka."

Na rantse famfo a buɗe yake ranar. Na rantse ƙofar banɗaki a rufe take. Tsaki ɗaya ne, kuma ba da shi nake ba, da zanin nake, da kamfani, da bayana, da ƙasar nan da ta cinye mini ƙuruciya ta bar ni a tsugune gaban baho. Na buɗe baki in faɗi duk wannan, ya ɗaga hannu.

"Ban ga laifinka ba. Ni ma da na yi. Kana jariri ka jiƙa mini wuyan riga ranar da na fi kowa ado, na yi dariya. Amma wancan jariri ne. Furfura a kan jiƙaƙƙen zani ba abin dariya ba ce. Na ce gara in rage maka aiki."

"Ka rage mini aiki ka bar ni da gawa? In ce wa Auta me?"

"Ka ce na sha. Ai kofi shaida ne."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Can na ce, "Tumatir biyar ka kashe mini saboda tsaki ɗaya."

Ya ce, "Tumatir ɗinka dama ruwa-ruwa ne, ba ɗanɗano. Lemun ne ya dame ni. Na ce maka ka bar ni inda nake."

Talata, da azahar

Na kira Likita na gaya masa gaskiya, har da cewa ban taɓa dubawa ba. Ya daina tauna abin da yake tauna. Ya wanke ni tas, kuma bai faɗi kalma ɗaya da ba daidai ba. Ya ce cokali-cokali, ba ƙaƙƙautawa, kada a ɗura masa. In har gobe da azahar bai fitar da komai ba, a ɗauke shi zuwa asibiti, da kati ko ba kati, duk abin da zai same ni a bakin ƙofar ya same ni.

Na ce to. Na fito da takalmana daga ƙarƙashin gado na kaɗe su.

Kawu ya ƙi buɗe baki. Ya ce sai na gaya masa wa zai wanke.

Talata, bayan la'asar

Ba mai wankewa. Abin da na gaya masa ke nan, kuma na sa shi ya zauna a bakin gado ya kalla.

Na ɗora wuƙa a wuta na yanke tsakiyar farar kujerar. Na goge bakin, na tsaga tsohon tiyo na naɗe shi don kada ya yanke shi. Na yanke gindin babban galan na kifa shi a ƙasa ya zama mazurari, na haɗa da bututu, na bi da shi jikin bango har bututun ƙazanta da ya ratsa ta kusurwar baranda, na huda na ɗaure da roba da gam. Buta a gefe, ya kora da kansa. Na kwance sandar labulen falo na kafa ta a bango daga gadonsa zuwa kujerar, ya riƙa dafawa. Ledar rumfa na sauke ta na zagaye wurin. Ta dai yi amfani a ƙarshe.

"Ka ba shi gangara?"

"Na ba shi."

"Zuba in gani."

Na zuba buta guda. Ruwa ya wuce, ƙulululu, bai waiwayo ba.

Ya ce, "Ramin ya karkace."

"Kawu, ba mai ɗauka, ba mai wankewa, ba mai ji. Kai da bututu ne. Buɗe bakin."

Ya ce ba zai sha shi kaɗai ana kallonsa kamar akuya ba. Na kawo kofi biyu. Cokali nasa, kurɓi nawa. Wata guda ina haɗa abin nan ina yabon kaina, ban taɓa shan kofi guda cikakke ba sai yau.

Ya ce, "Ya ka ji?"

Na ce, "Citta ta yi yawa."

"Tun yaushe nake so in gaya maka."

Laraba, da asuba

Shiru. Ya sha, ya sha, ba komai. Takalma suna bakin ƙofa.

Laraba, da hantsi

Ina kicin ina matsa lemu na ji sandar labule ta yi ƙara, sannan jan ƙafa, sannan leda. Ban fita ba. Na riƙe wuƙa na tsaya kamar gunki. An daɗe. Har na fara tunanin yadda zan sauko da shi hawa huɗu a baya.

Sai na ji bututu.

Kaɗan ne, ɗan tsiyaye. Bayansa buta. Duk shekarun da na yi ina kasa kunne a jikin bututun mutane, ban taɓa jin ruwa ya yi ƙara mai daɗin wannan ba.

Daga bayan leda ya ce, "Sifana, in kana laɓe Allah ya isa."

Na ce, "Ina kicin, Kawu." Na kira Likita. Ya tambayi launi. Wannan karon na je na tambaya, aka zage ni, aka kuma ba ni amsa. Likita ya ce a ci gaba, ba a tsallake haɗari ba tukuna, amma a mayar da takalma.

Juma'a, da yamma

Na wanke ƙasar tukwane, ruwa a kan ruwa har ya fita ta ƙasa ba ɗanɗano. E, na ɗanɗana. Na kwashe saman ƙasar duron lemu na zuba sabuwa. Kiyashi sun tattara sun koma inda suka fito.

Sannan na yanki reshen na'ana'a biyu daga gefen da ya tsira, na sa a kofi, na buɗe ƙofar gida na fita. Hawa ɗaya kawai.

Mai Shanya ta buɗe, ta kalle ni, ta kalli kofin. "Shekara guda ina jira, sai da ta mutu za ka kawo mini gawarta?"

Na ce, "Na zalunce ki. Ba ke ba ce. Kin faɗi gaskiya, na ce ƙarya ce."

"Da bakinka? Bari in kira yara su shaida." Ba ta yi dariya ba, kuma ba ta ce ta yafe ba. Ta karɓi kofin. Ta ce, "Ya jikin Baba?" Na ce yana sha. Ta ce, "In akwai wanki mai nauyi ka miƙo, rana ta fi bugun igiyata. Ba na tambayar abin da ya jiƙa shi, yara uku gare ni."

Maigadi ma ina da maganar da zan gaya masa. Shi ya faɗi zancen zaƙi tun farko, na tsaya auna dariyarsa.

Lahadi, da hantsi

Ba kira daga kamfani. Hanya tana rufe. Daren jiya bai kai ga sandar a kan lokaci ba. Na wanke ina waƙa da ƙarfi, ya ce gara tsakin.

Abin da ya rage mini: tumatir biyu cikin bakwai. Barkono babu. Na'ana'a reshe uku, ɗaya ya fara saiwa. Lemun tsami ya daina zubar da ganye, bai fitar da sabo ba, ban sani ba tukuna. Zanin gado ɗaya a igiyar sama. Kawu ɗaya, yana baranda, yana cewa sukari ya yi kaɗan.